Musayar Baiti: Tsakanin Mai Haɗa Gahawa da Mai Saye

'Yar Wuse:
Salamu alaikum. A wani shagon gahawa nake aiki a Wuse II, Abuja. Mai amsa mini ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ne Mai jin kukan bawa.

Tun da asuba nake buɗe shago,
In kunna inji, in hau gogewa.

Garin gahawa giram 18 na kofi guda ne,
Daƙiƙa 30 ta gama tsiyayowa.

Madara in ta haura digiri 70,
Ta ƙone, zaƙinta na gushewa.

Sai ga wani da waya a kunne,
Ba sallama, balle gaisawa.

Ya ƙyasta yatsa, ya ce da ni "Ke!"
Ko fuskata ba ya dubawa.

Ya ce madarar nan sai ta tafasa,
Na ce za ta ƙone, ya hau ni da tsawa.

Na yi yadda ya so, ya kurɓa ya tofar,
Wai ban iya ba, ina ɓatawa.

"Kin san ko ni wane ne a garin nan?
Kira manaja!" Ido yana zarewa.

Ya watsa kuɗinsa ƙasa ya fice,
Na tsuguna gaban jama'a ina tsincewa.

Kofin da ya tofar, a albashina
Aka yanke shi, ba mai tausayawa.

Iyayena da yayyena, ku faɗa mini,
Shiru zan yi ko in yi ramawa?

Baba Mai Shayi, Fagge:

'Yata, na ji wannan lamari,
Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Ni ma a Fagge nake da teburi,
Lipton, madara, burodi, sukari.

Na ga mai cin bashi yana gadara,
In na tuna masa, wai na cika tsauri.

Na ga mai cewa shayi ya huce,
Shi ko ya bar shi yana ba da labari.

Mai tsawa in kin ɗaga murya,
Kin ba shi abin da ya so tun fari.

Sassauta murya, ki maimaita masa:
"Tafasasshiya, Alhaji? Ba wani ƙari?"

Ya amsa da bakinsa kowa na ji,
In ya tofar, kina da shaidu a wuri.

Amma kuɗin da ya watsa, 'yata,
Ban so kin tsuguna ba, da kin bari.

Ni a teburina nakan kori mutum,
Ke na san ba naki ba ne jari.

Ɗan Jidda:

Baba, Allah ya ƙara girma,
Ƙanwata, sannu da wannan hali.

Ni a Jidda nake zuba gahawa,
Buta a hagu, a dama finjali.

A sa mata hel, wani kayan ƙamshi, a kawo dabino,
Babba ake fara ba wa, cikin hankali.

Wanda ya ƙoshi ya girgiza kofi,
Bai ce komai ba, an gane dalili.

A 2015 UNESCO ta shaida
Gahawar Larabawa alamar karamci ce tun asali.

Amma a shago "ya walad", wato "kai yaro", ake ce mini,
Ni da nake da mata da iyali.

Wani ya ce "Takruni" ya yatsina fuska,
Ya ja tsaki a bainar jama'a, a fili.

In na buɗe baki na rama zagi,
Iƙamata, takardar zamana, tana hannun kafili.

Sai in haɗiye, in tuna da Inna
Da take jiran in aiko riyali.

Amma shirun nan yana ci na, Baba,
Barci ya ƙaurace, na rasa sukunin hali.

Malam Mai Saye, Kaduna:

Ku bar mai saye shi ma ya tanka,
Ina shan gahawa, zan faɗi gaskiya.

Na sha shiga shago in yi sallama,
Mai haɗawa na can tana latsa waya.

Na tura kuɗi, alat bai shiga ba,
Aka tsare ni kamar na yi ƙarya.

Kofi guda da tsadarsa haka,
Ai dole in nemi abin da na biya.

Amma watsa wa mace kuɗi a ƙasa,
Ko a gidansu an san abin kunya.

'Yar Wuse:

Malam, in an yi maka sakaci
Ka koka, hakkinka ne, ba mai hanawa.

Alat na bogi in ya bi ta hannuna,
Daga guminmu ake cirewa.

Shi ya sa muke roƙon ka dakata,
Ba ɓarawo muka ɗauke ka ba kuwa.

Yaya na Jidda, ka sa ni hawaye,
Allah ya dawo da kai kana murmusawa.

Baba, na samu manaja da safe,
Kyamara ta nuna watsin da tofarwa.

Na ce kuɗin kofin a mayar mini,
Ya ce mai shago ne mai yankewa.

Ranar Litinin zai shigo shagon,
Na nemi a ba ni damar ganawa.

Zan ce wanda ya zagi ma'aikaci,
A ba mu ikon ƙin sayarwa.

Baba Mai Shayi, Fagge:

Ku je ku duka, kar ki je ke kaɗai,
Ku rubuta buƙatunku a kan tsari.

Ki tafi da hoton kyamarar a wayarki,
In kun fito ki kawo mana labari.