Renon yara a dala 5: Quebec ta taimaki iyalai ko ta cuce su?

Malam Habibu: Jama'a, ga batu. A 1997 lardin Quebec na Kanada ya fara shirin gidajen renon yara a kan dala 5 a rana. A 2008 masana tattalin arziki uku, Michael Baker da Jonathan Gruber da Kevin Milligan, suka fitar da bincikensu: iyaye mata da yawa sun shiga aiki, amma yaran sun ƙara fargaba da yawan faɗa, kuma ciwo ya fi kama su. Ni dai a wurina, an sayi albashin uwa da lafiyar ɗanta.

Hajiya Rabi: Malam, rabin zancen ka kawo. Gidajen da uwa da uba suke tare ne suka duba. Yaron da ke samun kulawa mai kyau a gida, aka kai shi cikin cunkoso, dole ya ja baya. Ɗan talaka fa, wanda uwarsa dama sai ta fita nema?

Sadiya: Hajiya ta faɗi gaskiya. A Norway da aka faɗaɗa renon yara daga 1975, masana tattalin arziki Havnes da Mogstad sun gano cewa 'ya'yan matan da ba su yi karatu mai zurfi ba su suka fi cin moriya, har suka yi nisa a makaranta.

Malam Habibu: Na ji, ƙanwata. To a 2019 su Baker suka sake bin yaran nan bayan sun tasa, suka tarar da ƙarin aikata laifi a cikinsu. Wannan ma cunkoso ne?

Hajiya Rabi: Ƙwarai kuwa, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai. Gaggawa aka yi. Masu nema suka fi guraben yawa, yara da dama suka faɗa hannun masu reno marasa horo. Cibiyoyin da ba na neman riba ba sun fi inganci, amma layinsu ya yi tsawo. Laifin gaggawar ake ɗora wa shirin gaba ɗaya.

Aminu: Kun manta da iyayen. Binciken 2008 ya nuna damuwa ta ƙaru ga iyaye mata, zaman aure ma ya ɗan yi tsami. Duk da haka a 2021 gwamnatin Kanada ta ɗauki tsarin dala 10 a rana ga ƙasa baki ɗaya.

Malam Habibu: Shi ya sa ban gamsu ba. Kafin a rage kuɗi, a fara horar da masu renon tukuna.

Sadiya: Ita kuma uwar da za ta koma aiki wata mai zuwa, Malam, wa zai riƙe mata yaron kafin a gama horon?