Wajen ɗinkin kabar Baba ya kumbura, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Yau kwana 9 da yi wa Baba aikin kaba ta dama, aka sa masa raga (wadda likita ke ɗinkawa a ciki don toshe gurbin kabar). Shekara uku muna lallaɓa shi, sai da ta hana shi hawa keke ya yarda, kuɗin ma sai da muka sayar da rago. Yanzu ƙasan ɗinkin ya taso kamar ƙwai, ruwa na tsattsafowa. Muna gasa masa da ruwan zafi, mai kemis ya ba mu Ampiclox. Kabar ce ta dawo?

Nas: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka bar mai muhimmancin. Ruwan wane launi, yana wari? Akwai zazzaɓi? Ciwon suga fa? Idan baƙin zaren nailan ne a waje, kwana 7 zuwa 10 ake cirewa, lokacinsa ya yi. Idan na ƙarƙashin fata ne irin Monocryl, da kansa yake narkewa, kar a ja shi. Kumburi mai laushi marar zafi, ruwan garau da ɗan rawaya, ruwan jiki ne ya taru a gurbin kabar, cikin makonni jiki zai shanye. Ku daina gashin, ku wanke da ruwan gishiri na asibiti, ku rufe da busasshen bandeji.

Wani memba: A zuƙe da sirinji kawai a huta. Masu kemis ɗin nan kuwa, kowane ciwo Ampiclox!

Nas: Kul! Allura na iya kai ƙwayoyin cuta kan ragar, in ta kamu, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire ta. Sai dai likitan da ya yi aikin ya ga dole.

Ma'aikaciyar tiyata: Malam Nas, ɗinkin da ke zubar da ruwa a kwana 9 ba a zama da shi a gida. In jan yana yaɗuwa, ko mugunya, ko zafin jiki ya kai digiri 38 na Celsius, ana warware zare ɗaya ko biyu mugunyar ta fita, a kai gwaji. Baba ya kwanta ya yi tari: in kumburin yana shiga yana fitowa, kaba ce. Amai da rashin bayan gida kuwa, asibiti a daren.

Mai tambaya: Asibitin da nisa, kuma gashin Inna ce ke yi, ya ce yana jin daɗinsa. Maganin saura kwana biyu, bari ya ƙare tukuna. Suga yana da ɗan kaɗan.

Nas: Ɗan kaɗan nawa? Yaushe aka auna?