Ina za mu baje aikin masu zanenmu a Maradi?

Malamin lakwal, unguwar Ali Ɗan Sofo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Akwai samari da 'yan mata a unguwarmu da Allah ya ba hannun zane, amma aikin nasu yana jibge a ƙarƙashin gado, ƙura na ci. Abin yana damuna ƙwarai. Wane wuri ne a garin nan za mu baje shi mutane su gani, ba tare da mun kashe kuɗin da ba mu da shi ba?

Ɗalibar jami'a: Wa alaikumus salam Malam. Ku fara da gidan matasa na Bawa Ɗan Wardanga, ai don irin wannan aka gina shi. Ku rubuta wa shugaban gidan takarda, ku haɗa da hotunan aikin. Jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo ma a gwada, ɗalibai na son ɗaukar hoto, kafin yamma aikin ya zagaye WhatsApp.

Badukun Mokoyo: Ɗiyata, shawararki ta yi, sai dai wanda zai shiga gidan matasa don kallon zane dama mai son zane ne. Ni ina ganin a kai aikin inda mutane ke zaman jira: tashar mota, banki, ofishin magajin gari inda ake layin takardar haihuwa. Mutum ya yi awa guda kan benci yana kallon bango fayau, me zai hana ya kalli aikin ɗan garinsu? Kuma kada a tsaya kan masu fenti kaɗai. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har Turai saboda laushi da ƙarko, amma yaro ɗan Bagalam zai girma bai taɓa riƙe jakar da aka yi wa ado da hannu ba. Abu ɗaya: fata ba ta son rana, bushewa take ta tsage. A sa ta cikin akwatin gilashi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Hajiyar Sabon Gari: Baba baduku ka faɗi gaskiya, amma kun manta da mu. Mace ba za ta tsaya a tasha tana kallon bango ba. Wurin awon ciki da awon yara, nan mata ke cika tun da sassafe. Ku nemi izinin shugaban wurin a jera ƙoren da aka yi wa zane da faya-fayi da tabarmi can sama inda hannun yara bai kai ba. Kuma don Allah a rubuta sunan mai aikin. Na sha ganin faifan wata tsohuwa a ɗakunan amare, kowa na yabo, ba wanda ya san ita ta yi.

Tsohon magini: Idan a jikin bango za ku yi zanen, ku saurara. Kada ku zaɓi bangon da ke fuskantar gabas. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, ruwa da yashi duk nan suke duka, ga ranar safe. Na yamma kuma ranar la'asar ce ke cin launinsa. Ku nemi na kudu ko na arewa, in da hali mai 'yar rumfa ko inuwar dogon yaro. Sabon shafen siminti a bar shi ya bushe kamar wata guda, a kankare, a yi shimfiɗar fari, sannan a zo da fentin mai. Fentin ruwa mai araha damina ɗaya zai gani. Lokacin aiki kuma bayan ruwa ya ɗauke ne, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya yi ƙarfi, don ƙura na manne wa ɗanyen fenti. A 2015, da aka yi Maradi Kwalliya don bikin 18 ga Disamba, kowa ya ga yadda fenti ke sauya fuskar gari. Ku sa kuɗin sabuntawa cikin lissafi tun farko.

Malamin allo, Limanci: Allah ya saka. Ni abu biyu zan ƙara. Kun san garinmu, akwai masu ƙyamar hoton mai rai bisa fahimtarsu ta addini, kuma bango na kowa ne. A kan titi ku yi dagi, da irin adon gidajen Birnin Damagaram, da aska takwas, da zangarniyar hatsi. Ba mai tanka muku. Hotunan mutane a bar su cikin ɗaki. Na biyu, allon zayyana aiki ne babba kuma almajiranmu sun iya, amma kada a rubuta aya a bangon waje inda ake zubar da shara ko tsugunawa. Allo a rataye shi ciki, wuri mai tsabta.

Ɗan kabu-kabu: Ni dai filin kokawa na Kantu. Gasar takobin kokawa ta ƙasa na zagaya jihohi takwas, ranar da ta dawo Maradi duk Nijar na nan. Wanda ya zana Kantu, da ya fara cin takobi a 1975, wallahi ba zai koma gida da zanen ba.

Ɗalibar jami'a: Kan maganar Hajiya: 'yar takarda a ƙasan kowane aiki, suna da unguwa da lambar waya da farashi. A rubuta da Hausa, tunda a 2025 an mai da ita harshen ƙasa, a ƙara da ajami don dattawa. 'Yan matan kuma a sa lambar Malam maimakon tasu.

Badukun Mokoyo: Kuma a yi yarjejeniya a rubuce da mai wurin: wata nawa kaya za su yi, wa zai biya in sun ɓata, nawa ne rabonsa in an sayar. Na taɓa barin jakunkuna a wani otal bisa amana, da na koma an canza manaja, sabon ya ce bai san zancen ba. Ɗaya bisa goma ya ishe mai wuri.

Malamin lakwal, Ali Ɗan Sofo: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Za mu fara da katangar lakwal ɗinmu ta arewa, in hukuma ta yarda, sai wurin awon yara. Hajiya, ke za ki yi mana jagora can. Akwai kafinta a zauren nan?

Kafintan unguwar Zariya: Ga ni Malam. Ku aiko min da awon kowane zane, tsawo da faɗi. Ku sayi katako da gilashi, aikin hannu na bar muku. Sai dai katakon a shafa masa maganin gara kafin in taɓa shi.