Ranar da aka kama gwanin gidanku da maguɗi a wasan besbol

Abban Sadiq, Columbus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so waɗanda irin wannan abu ya taɓa faɗo wa gidajensu su ba ni labari. Ɗana Sadiq a nan aka haife shi, na yi iya yina ya so ƙwallon ƙafa amma besbol ya sa a gaba. Gwaninsa shi ne Emmanuel Clase na Cleveland Guardians, mai jifan da ake kirawo a zagayen ƙarshe ya rufe wasa. Tun watan Yulin 2025 aka ajiye shi gefe, a Nuwamba kuma masu gabatar da ƙara a New York suka tuhume shi tare da abokin wasansa Luis Ortiz, wai suna lalata wasu jifa da gangan don 'yan caca su ci kuɗi. Sun musanta. Yaron ya cire rigar Clase daga jikin bango ya cusa ƙarƙashin gado, yanzu ko an kunna wasa sai ya tashi ya bar falo. Ku da kuka daɗe a ƙasar nan, yaya kuka yi?

Maman Hanif, Houston

Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Kai mutum ɗaya aka kama maka. Mu ƙungiyarmu ce gaba ɗaya, Houston Astros.

Sai wanda ya zauna Houston a 2017 zai gane abin da kofin World Series, babban kofin besbol, ya zame mana. A ƙarshen Agusta guguwar Harvey ta cinye gari, ruwa ya shigo mana har gwiwa, muka koma gidan wata ƙawata da yara uku da katifa biyu. A kan katifun nan a ƙasa muka kalli Astros suna doke Dodgers a wasa na bakwai, ranar 1 ga Nuwamba. Ni da ko dokokin wasan ban iya ba sai da na yi guɗa. Maƙwabcinmu, dattijo ɗan Meziko, ya fito waje yana kuka.

Shekara biyu bayan haka wani tsohon mai jifansu, Mike Fiers, ya tona asiri. Ashe kyamara suka kafa a can tsakiyar fili tana ɗaukar yatsun mai tare ƙwallo na abokan hamayya lokacin da yake yi wa mai jifa alama. Hoton na zuwa kan talabijin a lungun da ke bayan bencin 'yan wasa, wani sai ya doki garwar shara. Idan mai bugu ya ji doka, ya san ƙwallon mai lanƙwasa ce ko mai sanyin gudu. In ya ji shiru, mai gudu ce ke tafe. Hanif da kansa ya nemo bidiyon ya sa mini abin ji a kunne. Ana jin ƙarar sarai, dum, kafin a jefa. Ya ce, "Mama, ashe duk ihun da muka yi na banza ne?" Ban iya ce masa komai ba a daren.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne hukuncin Janairun 2020. Tarar dala miliyan 5, an hana ƙungiyar zaɓen manyan sababbin 'yan wasa na shekara biyu, an dakatar da koci A.J. Hinch da manaja Jeff Luhnow sannan aka kore su. 'Yan wasan da suka doki garwar kuwa ko ɗaya ba a taɓa ba, domin an yi musu alkawarin kariya in sun faɗi gaskiya. Kofin ma yana nan. Yaron da ake kora daga aji in ya leƙa takardar wani, ta ina za ka fara yi masa bayanin wannan? Ya daina sa hularsa har zuwa 2022 da suka sake ci a hannun Dusty Baker. Wannan kofin shi yake ƙirgawa, na 2017 ba ya kawo zancensa.

Direban Bronx

Hajiya, ki yi haƙuri, amma mu aka zalunta a shekarar. Yankees suka cire a wasa bakwai kafin su kai ga Dodgers. Lokacin da Astros suka zo nan a Mayun 2021 ina ajiye fasinja a titin 161, na ga mutane da garewanin shara na roba da aka hura wa iska, wasu da murfin garwa na gaske suna kaɗawa. Ihun da ake yi wa Jose Altuve, tauraron Astros, daga cikin mota kana jinsa.

Maman Hanif, Houston

Laifi tudu ne, Malam Direba. Ba mu labarin Alex Rodriguez na Yankees ɗinku.

Direban Bronx

Na san nan za ki zo. To, gaskiya ne. A Fabrairun 2009 ya fito a talabijin ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari daga 2001 zuwa 2003, lokacin yana Texas. A shekarar kuma ya taimaka muka ci kofi, duk muka yafe, har da ni da na liƙa hotonsa a motata. Sai ga maganar asibitin Biogenesis na Florida, mai sayar wa 'yan wasa irin waɗannan ƙwayoyi, a 2013, aka hana shi wasa duk kakar 2014. 'Yata ta fari ce ta ɓare hoton, ni ban sa ta ba. Bambancin kawai, Hajiya, namu ya zauna a gida shekara guda ba albashi. Yau kuma ga shi can a talabijin cikin kwat yana sharhi, yara ƙanana ba su ma san an yi ba.

Abban Sadiq, kada ka matsa wa yaro. Kai shi ya kalli ƙananan 'yan wasa na Clippers a nan garinku, tikiti da araha, kuma suna tsayawa su sa wa yara hannu a ƙwallo.

Kawu na Oakland

Ni tawa ta bambanta, domin har gobe ban sauka daga kan gwanina ba. Ina aikin dare a wani gidan mai ranar 7 ga Agustan 2007, rediyo a kunne, Barry Bonds ya fitar da ƙwallo waje karo na 756 ya wuce Hank Aaron, wanda ke riƙe da tarihin. Wani baƙar fata da ke biyan kuɗi ya rungume ni ta saman kanta. Wanda ke bayansa a layi ya ce ɓarawo ne. Nan suka kaure da gardama ni ina riƙe da canji.

Ba na cewa Bonds wankakke ne, duk wanda ya ga yadda jikinsa ya sauya ya san akwai magana. Amma kafin a fara zargin komai ya riga ya zama gwarzon shekara sau uku, a 1990 da 1992 da 1993. Kuma su wa suka kawar da kai? Bayan yajin aikin 1994 mutane sun guje wa filaye. Da Mark McGwire da Sammy Sosa suka yi tseren fitar da ƙwallo waje a 1998, McGwire 70, Sosa 66, kuɗi suka dawo, babu mai ƙungiyar da ya tambayi me suke sha. Gwaji mai hukunci sai 2004 aka fara. To ga shi Bud Selig, wanda ke shugabancin wasan duk tsawon lokacin, an shigar da shi zauren gwarzaye na Cooperstown a 2017. Bonds da ya fitar da ƙwallo sau 762 ya ƙare shekarunsa goma na ƙuri'ar shiga zauren a 2022 da kashi 66, ana bukatar 75. Haka na gaya wa jikokina: ya yi laifi, amma ba shi kaɗai ya ci ribar ba, shi dai aka bari a waje.

Ɗaliba a Osaka

Gajere ne nawa. A Maris 2024 da aka ce miliyoyin daloli sun fita daga asusun Shohei Ohtani, tauraron Dodgers ɗan Japan, zuwa wajen mai karɓar caca, malamarmu ta ɗakin gwaje-gwaje kwana biyu ba ta da walwala. Daga baya ta tabbata tafintansa Ippei Mizuhara ne ya sace kusan dala miliyan 17, aka ɗaure shi wata 57. Abban Sadiq, naku ma yana gaban kotu, a bar shari'a ta yi aikinta tukuna.

Baba Alhaji, Cincinnati

Ɗiyata ta Osaka ta yi gaskiya, amma ku ji ta nan. Da na zo garin nan, tsohon da muke aiki tare a ma'ajiyar kaya ba ya yarda a taɓa Pete Rose. Ɗan gari ne, ya fi kowa yawan bugu mai kyau a tarihi, 4,256. An kore shi har abada a 1989 saboda caca a kan wasannin ƙungiyar da yake horarwa. Shekara goma sha biyar yana rantsuwa bai yi ba, abokina yana rantsuwa a bayansa. A 2004 Rose ya amsa. Washegari tsohon nan ya zo aiki, ya buɗe kwanon abincinsa ya rufe bai ci ba. Abin da kawai ya ce mini shi ne ba cacar ta dame shi ba, sa shi da aka yi ya yi wa ƙarya faɗa ne.

Rose ya rasu a Satumban 2024, a Mayun 2025 aka ɗage masa takunkumin, shi da Joe Jackson na badaƙalar sayar da wasan kofi ta 1919, bayan duk suna kabari. Ni abin da nake so ka lura da shi, Abban Sadiq, ya fi rigar da ke ƙarƙashin gado. Tun 1 ga Janairun 2023 cacar wasanni ta halatta a jiharmu ta Ohio. Kunna wasa ɗaya ka ƙirga tallan caca nawa zai wuce a gaban yaronka kafin zagaye na uku. Yanzu ana sa kuɗi a kan jifa ɗaya tak, ko zai yi daidai ko zai kauce, kuma a kan irin wannan ne ake tuhumar Clase. Babban jikana yana aji na ƙarshe a sakandare, ya nuna mini abokansa da ke yi da asusun yayyensu. Duba wayar Sadiq tun yanzu.