Muryar da muka sani kafin fuska: wa ya taɓa cin karo da su ba shiri?

Tsohon Mai Saurare:
Salamu alaikum 'yan uwa. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ku lissafa da kanku. Yawancin waɗanda suka raine mu da murya a zamanin, har da na tashoshinmu na gida, ƙasa ta rufe musu ido, kuma da yawansu marubuta ne. Wanda ya taɓa haɗuwa da ɗayansu ba shiri ya ba mu labari. Ba sai an kama suna ba, iyalansu na nan.

Nawa a filin jirgi ne, an ɗage mana tashi. Wani dattijo siriri na gefena, takardu a cinya, fensir a hannu, leɓɓansa na motsi. Can ya ɗago ya ce, "Ɗana, ƙarfe nawa suka ce?" Tsigar jikina ta tashi. Muryar da na tashi da ita ce kowace safiya, amma a raina ƙato ne mai faɗin ƙirji. Da hira ta yi nisa na tambaye shi takardun, ya ce babin littafinsa ne. Duk jimlar da numfashinsa ya ƙare bai kai aya ba, sai ya raba ta biyu. Wai mai karatu na iya komawa baya, mai saurare ba shi da wannan gatan, shi kuma hannunsa ya riga ya saba rubuta wa kunne. Littafin ya fito, shi bai daɗe ba bayan haka. Allah Ya jiƙansa.

Nas Mai Aikin Dare:
Amin. Ni nawa a gadon asibiti na same shi, sunan da ke katinsa bai ce min komai ba. Tsakar dare na zo duba jininsa, na tarar da shi da 'yar rediyo a ƙirji yana murɗa ta a hankali. Na ce, "Baba, ba za ka huta ba?" Ya ce, "'Yata, yanzu ne gajeren zango ke fita tas." Ya nuna min lambobin jikinta: da rana a nemi mita 16 ko 19, dare ya yi a koma 41 ko 49, saboda sararin samaniyar da ke maido da sautin ƙasa yana sauyawa idan rana ta faɗi. Mai karanta labarai ya yi tuntuɓe a wani suna, Baba ya gyara masa a fili, sai ka ce a ɗaki ɗaya suke. A nan na gane shi. Mahaifiyata ba ta yarda a yi motsi idan shirinsa ya zo. Da na gaya masa, tambayata ya shiga yi: wane kashi ta fi so, me ya sa, tana raye? Shi da aka kwantar, ni ya yi wa tambayoyi har na kusa makara a gado na gaba.

Ɗalibin Adabi:
Ku yi haƙuri, nawa ba daɗi. A ɗakin karatu na ga wanda nake gani kamar dutse, na miƙa masa labarina cikin rawar jiki. Shafi ɗaya ya karanta, ya ja layi ƙarƙashin kusan rabinsa, ya ce ba mutumin da ke magana haka, ya koma kan jaridarsa. Ko sunana bai tambaya ba. Gyaran daidai ne, ban musa ba. Amma yaro ne a gabansa, da ya sassauta.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙanena, ai ya karanta. Da wani ne, aljihu zai sa, ya ce ka dawo gobe.

Injiniya Mai Ritaya:
Aikin ɗaukar sauti na yi, amma a wata tashar, ban taɓa aiki da mai shirin da zan ba ku labarinsa ba. A motar haya muka haɗu, tafiya mai tsawo. Da ya ji sana'ata sai ya juyo gaba ɗaya: ko na san inda ake samun tsofaffin faifan shirinsa? Ba shi da ko ɗaya. Na rasa ta cewa, don na san yadda abin yake. Tef ɗin zare muke amfani da shi, a yanka da reza, a liƙa, a watsa. Tef na da tsada, sai a goge a ɗora sabon shiri a kai. Ba mu kaɗai ba, hatta BBC ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960 da 1970. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa gaban makirfo, jikokinsa na da littattafansa amma ba su san muryarsa ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

Tsohon Mai Saurare:
Yaya Injiniya, akwai kaset-kaset da mahaifinmu ya ɗauka daga rediyo, suna cikin akwati. Na sa su in ji?

Injiniya Mai Ritaya:
Kada ka yi gaggawa. Duba ko sun yi fumfuna, sannan ka juya zaren da biro ka ga bai manne ba. Gwada rikodar da wani kaset da ba ka damu da shi ba tukuna, don ta iya cinye zare. Ranar da za ka kunna, haɗa ta da kwamfuta ka kwafe tun a jin farko.