DNP ko PhD? Ina son ƙarin karatu amma ba na son barin ɗakin haihuwa

Assalamu alaikum. Shugaban zaure, don Allah a saka min wannan, a sakaya sunana.

Ni nas ce kuma ungozoma, ina riƙe da ɗakin haihuwa a wani asibitin gwamnati a nan Gombe. Na yi digirin farko a fannin jinya, na kuma kammala na biyu. Abokan karatuna duk sun nufi PhD, suna ta cewa in biyo su. Ni kuwa wata makaranta na gani a Amurka tana ba da digirin da ake kira DNP, wai shi ma na dakta ne amma na aiki, kuma ana yin mafi yawansa ta intanet.

Gaskiya ba ni da sha'awar koyarwa. Abin da ke ci mini rai shi ne matan da ke zubar da jini bayan haihuwa. Maganin mun san shi, sau da yawa ma yana cikin firij, amma sai a makara ba a gane jinin ya yi yawa ba, ko a rasa mai yanke hukunci cikin dare. Ina son ilimin da zan gyara wannan da shi, in kuma na yi magana a taron shugabannin asibiti a saurare ni. Kuɗin makarantar da dala ne, har maigidana ya ce zai sayar da filinsa. Shi ya sa ba na son yin gaggawa. Masu sani, wanne ya fi dacewa da ni? Kuma takardar DNP za ta yi mini amfani a nan gida?

Sista 'yar Bauchi, mazauniyar Amurka:
Wa alaikis salam, 'yar uwa. Abin da kika fahimta daidai ne. Mai PhD yana haƙo sabon ilimi ne, mai DNP kuma yana ɗaukar abin da bincike ya riga ya tabbatar ya mai da shi aikin yau da kullum a asibiti. A 2004 ƙungiyar makarantun jinya ta Amurka, AACN, ta amince da shi a matsayin matakin da manyan nas-nas za su riƙa kaiwa. Hanya biyu gare shi. Akwai ta masu duba majinyaci da kansu, irin masu ba da allurar barci a tiyata da ungozomomi, akwai kuma ta shugabanci, inda ake koyon kasafin kuɗi, tsara ma'aikata, karanta alƙaluma da rubuta ƙa'idojin aiki. Ta biyun ce ta yi kama da ke. A ƙarshe ba kundin bincike ake rubutawa ba, matsala ɗaya za ki ɗauka a wurin aikinki, ki kawo gyara, ki auna sakamako.

Amma kafin a taɓa filin nan, ki tura musu tambaya uku, su amsa a rubuce. Na ɗaya, suna karɓar wadda ba ta da lasisin jinya na Amurka? Da yawa ba sa karɓa, kuma lasisin sai an ci jarrabawar NCLEX. Na biyu, ana buƙatar awa 1,000 na aiki ƙarƙashin kulawa bayan digirin farko. Za su yarda ki yi su a Gombe, kuma wa zai kula da ke? Na uku, wace hukuma ce ta tantance shirin? In ba ki ji CCNE ko ACEN ba, wato hukumomin tantance karatun jinya na Amurka, ki ja da baya.

Malamin jami'a, Bauchi:
Hajiya, ni daga ɓangaren da na sani zan yi magana. Jami'o'inmu PhD suka sani, ita ce tsanin hawa zuwa babban malami har zuwa farfesa. Kin ce ba kya son aji, na ji, amma mutum yakan sauya ra'ayi in shekaru sun ja, aikin dare ya fara yi masa nauyi. Ibadan, wadda ta fara digirin jinya tun 1965, tana ba da PhD, haka Ife da Nsukka, kuma da naira za ki biya. Sannan duk takardar da aka samo daga waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta. Kada kuma ki sa rai da tallafin karatu na asusun TETFund, ma'aikatan manyan makarantun gwamnati take ɗauka, ba na asibitin jiha ba.

Matiron mai ritaya, Azare:
'Yata, na karanta saƙonki sau biyu, kuma abin da na gani a ciki ba neman digiri ba ne, neman ceton rai ne. Allah Ya yi miki albarka. Sai dai ki ji ni da kyau: aikin nan da kike son yi bai jira DNP ba.

Kin san binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023. A asibitoci 80 aka yi shi, a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta ja ragamar ɓangaren Najeriya. Me suka yi? Leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta sauka, jinin ya taru a ciki, a daina kintace da ido. Da zarar ya kai mililita 500, ko ya kai 300 tare da wata alamar haɗari, sai a haɗa komai a lokaci guda: murza mahaifa, allurar oxytocin mai matse mahaifa, allurar tranexamic acid mai taimakawa wajen tsayar da jini, ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, in bai tsaya ba a kira na gaba. Ba a jira a ga ko na farko zai yi aiki kafin a kawo na biyu. Da wannan kaɗai mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Kuma ungozomomi irinki ne suka yi aikin da hannunsu.

To ki fara gobe. Ki buɗe rajista, ki rubuta duk wadda ta zubar da jini, ƙarfe nawa aka gane, ƙarfe nawa aka ba da magani, oxytocin ɗin ya kwana cikin sanyi ko wuta ta ɗauke. Ki haɗa tire guda na gaggawa da ba mai taɓa shi. Ki riƙa gwaji da yaranki, musamman masu aikin dare. Bayan wata shida ki shiga taron nan da takarda a hannu. Na zauna a irin wannan taro shekara da shekaru, kuma wadda ta zo da lissafi ba a iya kawar da kai daga gare ta.

In kuma takardar ƙwarewa kike so, ga kwalejin nas-nas da ungozomomi ta Afirka ta Yamma, an san ta a asibitocinmu. Filin mijinki kuwa, a bar wa yara.

Baban Amira, nas a Kumo:
Anti, a ƙara da wannan. DNP ba zai faɗaɗa miki iyakar aiki a Najeriya ba, lasisin Majalisar Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ne ke fayyace abin da za ki yi da wanda ba za ki yi ba. Sunan "Dokta" kuma a cikin asibiti yana jawo ce-ce-ku-ce. Ko a Kalifoniya an ci tarar wata mai DNP kusan dala 20,000 a 2022 saboda kiran kanta da shi a gaban majinyata.

Sista 'yar Bauchi:
Mama Matiron, ranki ya daɗe, na yarda da ke kan batun fili. Amma kada mu rage wa karatun daraja. Tara alƙaluma daban, sanin ko raguwar zubar jinin da aka gani ta gaske ce ko sa'a ce daban. Rubuta kasafin da zai shawo kan mai riƙe da kuɗi ya sayi ledar nan duk wata, wannan ma koyo ake yi. Irin gyaran da ke tsayawa ranar da aka yi wa mai shi canjin wurin aiki, shi DNP ke ƙoƙarin hanawa. In makarantar ta amsa tambayoyin nan da kyau, kuma aka sami tallafi, ni ba zan hana ta ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na nuna wa maigidan, mun bar maganar fili. Na tura wa makarantar tambayoyin Sista, zan kuma rubuta wa ofishin ma'aikata in ji ko takardar za ta shiga lissafin ƙarin girma. Mama, rajistar nan, ni kaɗai zan riƙa cikawa ko kowa?

Matiron mai ritaya:
Kowa, 'yata. Wadda ta karɓi haihuwa ita za ta cika kafin ta miƙa aiki, ke kuma ki duba kowace safiya. Ki faɗa musu tun farko ba ta kama laifi ba ce, in ba haka ba za su riƙa rage adadin jinin. Ki kuma jawo likitan sashenku da mai kula da kantin magani tun ranar farko, don tranexamic acid ɗin ta hannunsu zai fito.