Ta yaya babban koci zai raini mataimakinsa ba tare da kan 'yan wasa ya rabu ba?

Mai Usur: Salamu alaikum. Masu ilimin horar da ƙwallo, ina da tambaya. Wane aiki ya kamata babban koci ya fara sakar wa mataimakin da yake so ya zama koci gobe, kuma wane ne bai kamata ya saki ba?

Tsohon Gola: Wa alaikumus salam. A fara ba shi 'yan benci. Washegarin wasa, waɗanda suka buga minti 60 zuwa sama sassarfa da miƙe jijiya kawai za su yi. Sauran kuwa sai an ba su atisaye mai zafi na kamar awa ɗaya, su rama abin da ba su buga ba. Wannan rukunin shi ne makarantar mataimaki, domin mutane ne masu fushi, kowa na ganin an zalunce shi. Wanda ya iya sa su gudu da zuciya ɗaya ya iya aiki. Bayan wata biyu a ƙara masa bugun kusurwa da firikik, tsarawa da tsarewa, su zama nasa kacokan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar shi yana jera kwanonin alama a fili da raba riguna shekara uku, sannan a ce bai san komai ba. A ina zai sani?

Malam na Layi: Alex Ferguson ma sai da mataimakinsa Archie Knox ya yi masa ƙorafi a ƙungiyar Aberdeen ta Scotland cewa ba ya ba shi aikin yi, sannan ya sakar masa atisaye ya koma gefe yana kallo. Daga gefe ne ake ganin wanda ke ɗingishi yana ɓoyewa, da wanda yau bai yi dariya ba. Mai riƙe da usur ba ya ganin waɗannan.

Amma abu biyu ba a sakinsu: zaɓen 'yan wasa 11, da gaya wa mutum cewa an ajiye shi. In aka aiki mataimaki da wannan saƙo, 'yan wasa za su ce koci matsoraci ne, shi kuma mataimakin ya zama wurin kai ƙara. Daga nan sai ka ji ana cewa yaran wane da yaran wane.

Tsohon Gola: Haka ne, Malam. Saɓani kuma a ofis ake yinsa, minti 30 kafin a fita fili. Ko mataimaki ya kwafsa a tsakiyar atisaye, kada a gyara shi a gaban yara, a jira a dawo.

Ɗan Tsakiya: A hutun rabin lokaci, minti 15 ne duka. Minti 3 na farko a bar yara su sha ruwa, koci ya ja mataimaki gefe ya ce ya faɗi abu biyu da ya gani, ba goma ba. Bayan wasa su kalli bidiyo tare, a duba ko idonsa ya yi daidai. Arteta ma ya yi shekara uku da rabi yana mataimakin Guardiola a Manchester City, daga 2016 zuwa Disamba 2019, kafin Arsenal ta ɗauke shi a matsayin babban koci.